Araha Ba Ta Ado

Babu mai ƙin araha a kasuwa, babu kuma mai son a ce shi ne ya yi araha. Mace za ta dawo daga Kantin Kwari tana fara'a ta samo atamfa da araha, matan gida su taru suna shafawa suna tambayar layin da ta saya. Ita ɗin ce kuma da daddare za ta zaunar da 'yarta budurwa ta ce mata, "Ki riƙa jan ajinki, kada ki yi araha a idon samari." Kaka ta yi, gero ya yi araha, mai iyali ya yi hamdala, manomi ya yi tagumi. Sai kuma ranar da labari ya zo an shiga wani ƙauye da tsakar dare, dattijo ya kashe rediyo ya ce, "Rai ya yi araha a zamanin nan." Da kalmar da muke murna da ita muke makoki.

Magabata sun ce araha ba ta ado. Akan faɗi haka ne don a ja kunnen mai rububin gwanjo, wanda zai sayi riga yau ta koɗe jibi. Amma duk sa'ad da na juya maganar a raina sai in ga tana da bayan da ba a cika dubawa ba. Aikin ado rufi ne: a shafe tabo, a cike rami, a ɓoye rama. Abin da ba shi da halin yin ado dole ya fito yadda yake, da kyansa da muninsa. Wannan tunani shi ke yawan mayar da ni ga wasu finafinai da masana suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji, wato finafinan 'yan fashi da dillalan ƙwaya da masu ramuwar gayya, waɗanda ake haɗawa da 'yan kuɗi kaɗan cikin 'yan kwanaki, a cika su da bindiga da jini da tsiraici, a watsa su kasuwa a kwashi abin da ya samu kafin 'yan kallo su gundura.

Yunwa ce ta haife su a Amurka. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, gidajen silima suka fara nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya don su jawo mutanen da aljihunsu ya bushe. Na farko shi ne mai manyan taurari. Na biyu cike gurbi ne, kuma akwai ƙananan kamfanoni a Holiwud da ba su da sana'a sai ƙera shi, waɗanda 'yan fim da kansu suka laƙaba wa suna Layin Talauci. Daga ɗaya daga cikinsu, PRC, aka fitar da Detour a 1945, wanda Edgar Ulmer ya ba da umarni. Minti 68 ne duka-duka.

Wani makaɗin fiyano ne, Al Roberts, ya taso daga Niyok zai je Los Anjalas wurin budurwarsa, ba shi da ko sisi, sai tsayawa bakin titi yana neman mai rage masa hanya. Wani ɗan caca ya ɗauke shi, ajali ya riski ɗan cacar a hanya. Tsoron kada a ce shi ya kashe ya sa Al ya ja gawar ya ɓoye, ya ɗauki motar da kuɗin da sunan mamacin. Can gaba shi ma ya rage wa wata mata hanya, Vera. Tana kujerar gaba tana barci, shi yana tuƙi yana saƙe-saƙe, sai kawai ta buɗe ido ta juyo ta tambaye shi inda ya kai gawar mai motar. Ashe ta san motar, ta san mai ita. Ann Savage, wadda ta fito a Vera, an cuɗe mata gashi da mai don ta yi kama da wadda ta yi kwana da kwanaki a hanya ba wanka, kuma tun daga wannan juyowar ba ta sake yin magana mai laushi da za ka yarda da ita ba. Ƙarshenta ma ba da bindiga ya zo ba. Ta sha ta bugu, ta shige ɗaki da tarho ta kulle ƙofa tana barazanar kiran 'yan sanda, igiyar ta naɗe mata a wuya. Shi kuma yana waje yana fizgar igiyar ta ƙarƙashin ƙofa don ya tsinke ta. Da ya ɓalle ƙofar ya tarar ya shaƙe ta.

Ulmer ba shi da kuɗin gina titin Niyok, sai ya cika wurin ɗaukar hoto da hazo, ya kafa fitila da allon sunan layi, ya sa masoya biyu suna tafe suna gardama a cikin farin duhu. Sai ga rashin kuɗi ya rikiɗe ya zama ma'ana, domin kuwa mutum biyu ne da ba sa ganin gabansu. Ɗaki ɗaya, mota ɗaya, igiyar tarho ɗaya, da su ya ɗaure mai kallo. A 1992 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda ƙasar ke adanawa don tarihi, alhali ɗimbin manyan finafinan shekararsa, masu ado da kwalliya, ba wanda ke tuna sunansu.

Haka Joseph Lewis ya yi a Gun Crazy na 1950. Maimakon ya gina banki ya cika shi da fitilu, sai ya cusa kyamara a bayan mota ya bar saurayi da budurwa suna tuƙi cikin wani ƙaramin gari a Kalifoniya, suna 'yar hira irin ta masu fargaba, suna neman wurin ajiye mota. Saurayin ya shiga banki, mu muna mota tare da yarinyar, ba mu ga abin da ke faruwa a ciki ba. Ɗan sanda ya ɓullo a bakin titi, ta fita ta ɗauke masa hankali da surutu, ƙararrawa ta kaɗa, yarinyar ta buge shi, suka faɗa mota suka tsere. Fiye da minti 3 ba a yanke hoton ba ko sau ɗaya. Mai kallo yana kujerar baya, ya zama na uku a fashin, ba wanda ya nemi izninsa.

Na yi imani sirrin daɗin waɗannan finafinai shi ne masu yin su sun san ciwon da suke ba da labarinsa. Kusan kullum labari ɗaya ne: mutumin da kuɗi ya ƙare masa, lokaci ya ƙure masa, masu bin bashi suna ƙofa, yana neman dabara guda da za ta fid da shi. To ai shi ma daraktan haka yake. Rana tana faɗuwa, fim ɗin da ke cikin kyamara ya kusa ƙarewa, ba shi da takardar iznin ɗaukar hoto a titin da yake tsaye, yana waige ko ɗan sanda zai zo. Robert Rodriguez ya haɗa El Mariachi na 1992 da kimanin dala 7,000, kuma wani kaso na kuɗin ya same shi ne ta hanyar ba da jikinsa a gwada sabon magani a wata cibiyar bincike a Tekzas. Da ba shi da keken tura kyamara, keken guragu ya hau aka riƙa tura shi. Wannan gaggawar takan tsallako daga bayan kyamara ta shiga hoton, mai kallo ya ji ta a ƙirjinsa ko bai san dalili ba. Kuma da yake ba su da kuɗin gina birnin ƙarya, birnin gaskiya suka ɗauka: bola, kwata, bangon da fenti ya ɓare, fuskokin masu wucewa da ba wanda ya biya su. Wanda ke son ganin yadda unguwar Halem ta Niyok take a farkon shekarun 1970 zai fi samun ta a cikin waɗannan finafinai fiye da a cikin na manyan kamfanoni.

Sai dai yunwar da ke sa mutum hikima ita ce ke sa shi sayar da abin da bai kamata a sayar ba. Kamfanin American International Pictures na Samuel Arkoff da James Nicholson ya shahara da wata al'ada: a fara ƙirƙiro suna mai jan hankali, a zana fasta, a nuna wa masu gidajen silima, in sun ce za su saya sannan a nemo marubuci ya rubuta labarin da zai dace da zanen. Sau da yawa mai sayen tikiti kallon kitse yake yi wa rogo. Wannan ba ya damuna sosai, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya shiga irin wannan fim ya san zai ga jini mai kama da jan fenti, da naushin da bai taɓa fuska ba amma mutum ya faɗi, da labarin da ya manta da wani ɗan wasa a tsakiya. Duk wannan lamunin talaka ne, ana yafewa.

Abin da ba na yafewa yana wani wurin. Roger Corman, wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 98, shi ne uban wannan sana'a, kuma a hannunsa manyan daraktoci da yawa suka koyi aiki. Lokacin da ya ba Martin Scorsese aikin Boxcar Bertha na 1972, ya sakar masa mara ya sauya labari yadda yake so, da sharaɗin a ga tsiraici a duk bayan shafi 15 na rubutun. A lura da kyau: lissafi ne ya nemi a tuɓe matar, tun kafin a san ko labarin yana bukata. A nan ne kalmar uwar nan ta dawo mini, kada ki yi araha. A yawancin finafinan nan mace ita ce kaya mafi araha a shagon. Akwai wani reshe nasu gaba ɗaya da aka gina a kan a yi wa mace fyaɗe sannan a ɗau fansa, kuma in ka auna minti nawa kyamara ta yi tana kallon wulaƙancinta, da minti nawa ta ba wa baƙin cikinta bayan nan, za ka gane me ake sayarwa. A Death Wish na 1974 an kashe matar mutumin da Charles Bronson ya fito a matsayinsa, an keta haddin 'yarsa, amma da zarar sun gama aikinsu na ba shi dalilin ɗaukar bindiga sai fim ɗin ya kusan mantawa da su. Brian Garfield, marubucin littafin da aka ciro labarin, bai ɓoye ɓacin ransa ba, domin shi gargaɗi ya rubuta game da ɗaukar doka a hannu, aka mayar masa da shi kirari.

Wani lokaci kyan da munin suna cikin hoto ɗaya, ba ka iya raba su. A Coffy na 1973 Pam Grier ta fito a ma'aikaciyar jinya wadda dillalai suka lalata ƙanwarta da ƙwaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har reza take ɓoyewa a cikin gashinta don wadda za ta cakume ta. Baƙar mace ce ke jan ragamar fim, tana fin maza wayo da zuciya, a zamanin da manyan kamfanoni suka fi sanin baƙar mace a matsayin 'yar aiki. Mata da yawa sun fito daga silima kansu a sama. Amma kyamarar da ta ɗaukaka ta ita ce ke neman kowace kafa ta yage mata riga. Wasu shugabannin baƙaƙen Amurka, irin su Junius Griffin na ƙungiyar NAACP, tun 1972 suka tashi tsaye suna cewa ana cin kasuwa ne da mutuncin al'ummarsu, ana nuna wa 'ya'yansu cewa kawali da dillalin hodar iblis su ne gwaraza. 'Yan wasan kuma suka ce to kafin wannan wa ya ba mu aiki? Ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu ba.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mu ne muka tashi da tatsuniyar Gizo, maƙaryaci, maci amana, kuma shi yara ke so ya tsira. Mu ne muke da Kassu Zurmi mai kiɗan 'yan tauri, da Muhammadu Gambo mai waƙar ɓarayi, wanda malamai da alƙalai da 'yan kasuwar da ɓarayi suka sha yi wa ta'asa duk sun san muryarsa. Mutumin da bai taɓa ɗaukar allurar wani ba zai saurari Gambo yana murmushi, domin akwai wani lungu a zuciyar mai bin doka da ke sha'awar wanda ba ya tsoro. Waƙar ba ta mai da shi ɓarawo ba. Amma ba wanda zai rantse cewa babu yaron da ta ƙara wa ƙarfin gwiwa, kuma Gambo da kansa daga baya ya bar waƙar ya ce ya tuba. A Super Fly na 1972 an sami wani abu mai kama da wannan a cikin fim guda: hoto yana nuna dillalin hoda cikin doguwar kwat da ƙatuwar mota, waƙoƙin Curtis Mayfield kuma suna bin sa a baya suna lissafa waɗanda hodar ta kashe. Ido yana yabo, kunne yana wa'azi. Samarin Halem da yawa kwat ɗin suka je suka ɗinka.

Masu tace finafinai a Amurka sun ɗauka sun yi maganin abin. Daga 1934 zuwa 1968 ƙa'idar Holiwud ita ce mai laifi ba ya cin riba, dole a gan shi a hannun hukuma ko a kwance. Shi ya sa a ƙarshen Detour motar 'yan sanda ke tsayawa ta ɗauki Al. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sai dai masu fim sun fi su sanin lissafi: suka ba rana dubun awa ɗaya da rabi, da kiɗa da mata da kuɗi, suka ba rana ɗayar minti biyu, lokacin da 'yan kallo suka fara neman takalmansu.

A Italiya abin ya ɗauki wata kama. Bayan bam ɗin da ya tashi a wani banki a Milan a Disambar 1969, ƙasar ta shiga shekarun tashin hankali, da kashe-kashen siyasa da satar mutane don kuɗin fansa. Masu fim suka yi ta zubo finafinan 'yan sanda, suna tseren mota a kan titunan da jama'a ke bi. A wani na Umberto Lenzi na 1974, wanda sunansa ke cewa Milan ta ƙi jini amma 'yan sanda ba su da ikon harbi, Tomas Milian ya fito a wani ƙaramin ɓarawo matsoraci da ya sace 'yar wani attajiri, ya bi kowa ya kashe har da abokan aikinsa, doka kuma ta kasa riƙe shi. A ƙarshe jami'in da ke bin sa ya same shi a titi ya harbe shi, ya faɗi a kan bola. Fim ɗin ya kama tsoron mutanen zamaninsa da gaske, kuma duk wanda ya taɓa jiran kiran waya daga daji game da ɗan'uwansa zai gane wannan tsoron. Amma maganin da ya miƙa wa mai tsoro guba ne: kotu ɓata lokaci ce, a ba mai bindiga dama. Mu da muka ga abin da ke biyo baya idan taron jama'a ya yanke hukunci a bakin kasuwa, taya da fetur a hannu, bai kamata mu tafa wa wannan ba.

Mun kuwa tafa. Wanda ya zauna a bencin gidan kallo, janareto yana ruri a waje, an rubuta sunan fim da alli a jikin allo, ya san yadda ake yi. Ba ruwanmu da sunayen da aka ba mutanen cikin labari, akta ne da bos da yaran bos. Akta ba ya mutuwa. Bos sai a ƙarshe, kuma sai ya sha wuya. Yaran bos kuwa ba su da suna, ba su da uwa, ba su da unguwa, suna fitowa ne goma-goma don a zubar da su, ɗakin ya ɗauka da "Ba shi! Ƙara masa!" Na tuna wani dare da aka harbe ɗaya daga cikinsu yana tsakiyar cin abinci, cokali a hannu, aka fashe da dariya. Wani dattijo mai gadi da ke tsaye a bakin ƙofa, wanda ko kuɗin shiga bai biya ba, ya ce a hankali, "Shi ma fa ɗan wani ne." Ba wanda ya tanka masa. A wurin yaran bos ne fim mai araha ke koya wa ido cewa rai ma yana da araha, kuma yana koyar da shi ne cikin raha, yadda ba za ka ji shigarsa ba.

A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanar da hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Na fahimci tsoron da ya kawo haka, domin finafinan daba masu dogon zango sun cika YouTube, kuma yara sun haddace tafiyar 'yan wasan da saransu da yadda suke riƙe wuƙa. Amma ban yarda cewa rufe ido shi ne magani ba. Ƙwacen waya yana nan a titi ko an nuna ko ba a nuna ba, kuma al'ummar da ba ta iya ba da labarin ciwonta ba za ta bar wa masu ciwon su ba da shi yadda suke so. Tambayar da ta kamata a yi wa kowane irin wannan fim ita ce a ina kyamara ta tsaya bayan an soki mutum. Ta bi mai wuƙar yana tafiyar ƙasaita da kiɗa a bayansa, ko ta tsaya da wanda ke kwance?

Don haka maganata ga samarin da ke haɗa fim a lungunan Kano da Kaduna da Jos da Maraɗi, da kyamarar haya da kuɗin karo-karo, ita ce kada rashin kuɗi ya sa ku jin kunya, kada kuma ku ce sai kun yi ado irin na masu biliyoyi. Ku ɗauki lungun yadda yake, da kwatarsa da 'yan shayinsa. Amma duk wanda za ku kashe a labarinku, ko da yaron bos ne, ku ba shi suna. Ku kai mu ƙofar gidansu washegari mu ga wanda ya fito karɓar gaisuwa, mu ji abin da aka gaya wa uwarsa. Yarinyar da aka tare a hanya, ku bar mata rigarta, ku ba ta bakin magana. Wannan fitowar ba za ta ci muku kuɗin harsashin roba ko jan fenti ba: tabarma biyu ce da buta da 'yan zaman makoki, kuma ko da wayar hannu za ku iya ɗaukarta.